Ɗan Albashi a Tseren 'Yan Ƙasa da 23: Abin da Ya Faru a Hanyar Giwa

Duk Asabar bayan sallar asuba mu 'yan tseren keke mukan haɗu a ƙarƙashin gadar Kwangila a Zariya, mu kusan 30. Akwai ɗalibai daga Samaru da Kongo, akwai masu faci da gyaran keke na Sabon Gari, akwai irina da suka daina tsere suka koma riƙe agogo da littafin sunaye. Mukan bi ta Samaru, mu wuce Shika, mu juyo a Giwa, tafiya da dawowa kimanin kilomita 60. Ba mu da ofis, ba mu da asusu a banki. Abin da muke da shi koci ne, dattijo ɗan shekara 60 da ɗoriya wanda ya yi wa jiha tsere a ƙuruciyarsa, kowa Baba yake ce masa.

A hunturun 2025 wani ɗan kasuwa mai son harkar ya ba mu keken tsere guda, ɗan kwatano ne amma mai kyau, mara nauyi, giyarsa lafiya lau. Ya ce a shirya wa matasa 'yan ƙasa da shekara 23 tsere, wanda ya ci ya ɗauka. Baba ya ƙara da cewa zai kai sunayen ukun farko ga masu zaɓen 'yan wasan jiha. Ga yaron da yake fama da keken ƙarfe mai nauyin buhun siminti rabi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yara 19 suka rubuta suna.

Na 20 shi ne ya kawo gardamar da nake son in rubuta a kanta.

Yaron

Ɗan Tudun Wada ne, shekararsa 21. A hannun Baba ya tashi, tun yana kai wa mahaifinsa abinci kasuwa a kan tsohon Phoenix. Shekara biyu da suka wuce wata ƙaramar ƙungiyar tsere a arewacin Afirka ta ɗauke shi. Tana biyansa albashi, ba mai yawa ba, amma albashi ne. Tana ba shi keke, da hular kwano, da takalmi mai maƙalewa a feda, da ƙaramar na'urar da ke auna ƙarfin da ƙafarsa ke zubawa. Ya dawo hutun ƙarshen shekara, ya ji labarin tseren, ya zo wurina da fasfonsa a hannu.

"Kawu, a saka ni," ya ce.

Na buɗe fasfon na duba shekarar haihuwa. Ba abin da zan ce. Na rubuta sunansa. Kafin la'asar maganar ta zagaye Sabon Gari, kafin magariba iyayen yara biyu sun kira Baba.

Daren farko da na biyu

A shagon wani mai gyaran keke muka zauna, kan benci, ƙarƙashin fitilar caji. Mai shagon ne ya fara, kuma bai ɓoye fushinsa ba. Ya ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Yaron da ake biya don ya hau keke, wanda aikinsa ke nan daga safe zuwa yamma, wanda likita ke duba masa jini kuma ake auna masa abinci, ba za a jera shi da yaron da zai sauka daga keke ya tafi lacca ko ya koma cire ƙusa a taya ba. Ya ce ko a filin dambe yara ke buɗe fage, kuma ba a taɓa ganin an saki gwarzon da aka sani a cikinsu don kawai shekarunsa ba su kai ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne keken. Wanda yake da keken ƙungiya a ɗaki, me zai yi da na kwatano in ba sayarwa ba?

Wani malamin sakandare a cikinmu ya ɗauki ɗaya ɓangaren. Ya ce an rubuta 'yan ƙasa da 23, ba a rubuta 'yan ƙasa da ƙwarewa ba. Ya ce in muka hana shi, me muke gaya wa sauran yaran? Cewa ranar da ka yi ƙoƙari har aka ɗauke ka, ranar ce gida zai rufe maka ƙofa?

Sai aka juyo kaina, saboda ni ne mai bin labarin tseren ƙasashen waje a waya, aka ce in faɗi yadda manya suke yi. Abin da na gaya musu shi ne abin da zan maimaita a nan, da ɗan faɗaɗawa.

Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, wadda hedikwatarta ke garin Aigle a Siwizalan, ta kasa mahaya gida-gida. 'Yan 17 da 18 ƙanana ne, 'yan 19 zuwa 22 su ne 'yan ƙasa da 23, daga nan sai manya. Ba ranar haihuwa take dubawa ba, shekarar haihuwa take cirewa daga shekarar tseren. Kafin 1996 gasar duniya ta kan hanya kashi biyu ce ga maza, ta 'yan albashi da ta 'yan sha'awa. A 1996 aka soke ta 'yan sha'awa aka kafa ta 'yan ƙasa da 23 a gurbinta. Wato tun asali wannan rukunin gadon 'yan sha'awa ya ci. An yi shi ne ya zama fagen da yaron da bai sami aiki ba zai nuna kansa manyan ƙungiyoyi su gan shi.

A wancan zamanin hakan ya yi daidai, domin da wuya a ga ɗan 20 a babbar ƙungiya. Sai zamani ya juya. Egan Bernal na Kolambiya ya ci Tour de France, babban tseren zagayen Faransa, a 2019 yana da 22. Tadej Pogacar na Sulobeniya ya ci a 2020 ana gobe zai cika 22. Remco Evenepoel na Beljiyam ya ci gasar duniya ta ƙanana a 2018, ya tsallake rukunin 'yan ƙasa da 23 ɗungurungum, ya shiga babbar ƙungiya yana da 19, kuma a shekarar ya ci tseren San Sebastian a gaban manya. Waɗannan ukun kansu ba su dawo suna neman rigar yara ba. Amma akwai na bayansu da suka dawo. A 2022 Yevgeniy Fedorov na Kazakistan, mahayin ƙungiyar Astana, ya gama zagayen Sifaniya mai zango 21, cikin mako biyu ya je Ostareliya ya ci gasar duniya ta 'yan ƙasa da 23. Wanda ya yi mako uku yana bin manyan duniya a kan duwatsu, ƙafarsa da huhunsa sun riga sun zama wani abu daban. Aka yi ta ƙorafi. Daga 2025 UCI ta hana maza mahayan manyan ƙungiyoyi na mataki na ɗaya da na biyu shiga gasar duniya ta 'yan ƙasa da 23.

Mai gyaran keke ya tafa hannu ya ce to shi ke nan, magana ta ƙare. Na ce masa ba ta ƙare ba, da sauran abu biyu.

Na ɗaya, dokar ba ta taɓa ƙungiyoyin mataki na uku ba, kuma ƙungiyar yaronmu ta mataki na uku ce. Ko a Turai ne da an bar shi ya shiga. Kuma ko a can dokar tana yoyo. A Kigali a Satumbar 2025, karo na farko da aka kawo gasar duniya ta kan hanya Afirka, wanda ya ci tseren 'yan ƙasa da 23 shi ne Lorenzo Finn na Italiya, ɗan 18 (19 a lissafin UCI). A takarda ƙungiyarsa ta mataki na uku ce, amma reshen renon matasa ne na Red Bull-Bora-Hansgrohe, ɗaya daga cikin ƙungiyoyi mafi kuɗi a duniya. Da shi da yaron da ƙasarsa ta haɗa masa kuɗin jirgi da kyar, doka ta ce sa'o'in juna ne.

Na biyu shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai, kuma a nan na daɗe ina magana har Baba ya ɗago kai ya dube ni. A Satumbar 2021, a garin Leuven na Beljiyam, Biniam Girmay na Eritiriya ya zo na biyu a tseren 'yan ƙasa da 23, bayan Filippo Baroncini na Italiya. Shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya hau dandamalin lambar yabo a gasar duniya ta kan hanya. A lokacin yana da 21, kuma yana karɓar albashi a Intermarché, ƙungiyar mataki na ɗaya. Da dokar 2025 ta riga shi zuwa, da babu wannan azurfar. Na kalli ƙarshen tseren nan a waya sau ba adadi, yadda ya ratso ta cikin taro a mitocin ƙarshe. Yaran Kwangila da yawa ranar suka fara yarda cewa mai irin fatarsu yana iya yin wannan abu. Bayan wata shida ya ci tseren Gent-Wevelgem na Beljiyam, a 2024 ya ci zango uku a Tour de France ya tafi gida da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki.

Za a ce ai sai ya shiga na manya. To, a Kigali tseren manya ya haura kilomita 260, kuma mutum 30 kacal suka kai ƙarshe cikin fiye da 160 da suka tashi. Na 'yan ƙasa da 23 kimanin kilomita 165 ne. Ɗan 20 da ya sami kwantiragi jiya, in ƙasarsa Beljiyam ce ko Italiya, yana da tsere duk mako, ba abin da ya rasa. In ƙasarsa tana da ɗan albashi ɗaya ko biyu ne tak, hana shi ya zama hana ƙasar gaba ɗaya.

Abin da aka yanke

A dare na uku Baba ya sa aka kira yaron. Ya zo ya durƙusa ya gaishe da kowa, ya zauna a kan tsohuwar taya a bakin ƙofa. Baba ya tambaye shi kai tsaye me yake nema a tseren da ya san zai ci.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, mahaifina bai taɓa ganina da lamba a baya ba. A hoto kawai yake gani."

Ba wanda ya yi tsammanin wannan amsar. Mun kwana biyu muna maganar keke da albashi, ba wanda ya tambaye shi. Ya ƙara da cewa keken ba ya so, a ba wanda ya biyo shi. Amma kada a ce masa ya hau ba lamba kamar baƙo, kuma in ya ci a faɗa cewa ya ci.

A kan haka aka tsaya. Zai shiga da lamba, za a rubuta matsayinsa yadda ya zo. Keken da gurabe ukun na waɗanda ba su da kwantiragi ne, sunansa kuma Baba zai kai shi daban. Mai gyaran keke bai gamsu ba. Ya ce ko ba a ba shi komai ba zai ɓata tseren, domin duk wanda ya yi ƙoƙarin bin sa zai ƙone tun kafin Shika. Wannan magana ce ta wanda ya san keke, kuma na riƙe ta.

Ranar tseren

Sanyi ne sosai, hazo ya rufe gari har ba a hango dutsen Kufena. Yara sun shafa man kaɗanya a ƙafa da leɓe, wasu sun cusa jarida a cikin riga. Ina bayan babur da agogo a wuya. Mahaifin yaron yana tsaye a Kwangila cikin babbar riga da rawani, hannu a baya.

Har aka wuce babbar ƙofar jami'a a Samaru ba abin da ya faru. Bayan Shika, inda gidaje suka ƙare fili ya buɗe, iskar hunturu ta fara bugowa daga dama. Duk mai tsere ya san wanda ya laɓe a bayan wani yana rage wahala da kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa yaranmu suke jeruwa layi ɗaya kamar jerin gwano. Amma in iska ta gefe ce, bayan mutum ba mafaka ba ne. Mafakar tana gefen kafaɗarsa, ɓangaren da iska ba ta bugowa. Baba ya sha zana wannan a ƙasa da tsinke, yara su gyaɗa kai, a hau hanya su manta.

Ranar na ga an yi shi. Yaron ya koma bakin hanya ta dama, ya waiwayo yana miƙa hannun hagu ƙasa yana kira, "Nan! Matso nan, kusa da cinyata!" Wani ɗalibin Samaru ɗan 19, mai keken ƙarfe da sirdin da aka ɗaure da roba, ya matso. Wani ya matso kusa da shi. Cikin minti ɗaya mutum shida sun jeru a karkace, kowa tayarsa ta gaba daidai cinyar na gabansa, na gaba ya ja kaɗan ya zame ya koma baya, na biye ya karɓa. Ina jin ƙarar sarƙoƙi da numfashinsu. Sauran 14 da suka tsaya a layi ɗaya iska ta yayyanka su, kafin Giwa an ba su fiye da minti biyu.

Maganar mai gyaran keke ma ta tabbata. Biyu daga cikin shidan sun zuba abin da ba su da shi. Ɗaya ya sauka ya zauna a bakin hanya yana amai, ɗaya ya ƙarasa a bayan waɗanda ya tsere wa da farko. Da babu ɗan albashin a tseren, watakila ɗayansu ya shiga ukun farko. Wannan asara ce ta gaske, kuma ba zan ce ba a yi ta ba.

A dawowa, wajen Samaru, yaron ya miƙe a kan feda sau ɗaya ya tafi. Ba wanda ya ko gwada bin sa. Ya iso Kwangila da tazarar minti huɗu, ya sauka, ya cire hula, ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa. Dattijon ya ɗora masa hannu a ka, bai ce komai ba.

Sai na biyu da na uku suka taho kafaɗa da kafaɗa, ɗalibin Samaru da wani mai faffaɗan ƙirji. A mita 100 na ƙarshe mai ƙirjin ya wuce da tsawon keke guda. Shi ya ɗauki keken.

Inda muka yi kuskure

Wanda ya ɗauki keken, takardar rantsuwar kotu ya kawo mini ranar rubuta suna, mai cewa shekararsa 22. Na karɓa na rubuta. Bayan tsere mutum uku daban-daban suka same ni a gefe, kowa da muryar ƙasa-ƙasa, cewa tare ya gama firamare da yayyensu, kuma ba zai gaza 26 ba. Sun sani tun kafin tseren. Mai gyaran keken ma ya sani. Ni ma da na dubi fuskarsa da kyau ranar da ya miƙo takardar, da na tambaya. Ban tambaya ba, domin hankalina yana kan fasfon ɗan Tudun Wada.

An bar jaki ana dukan taiki. Dare uku muka yi a kan yaron da shekarunsa na gaskiya ne kuma ya ce ba ya son kyautar, ba mu yi minti ɗaya ba a kan wanda ya shigo ta taga. Kuma ba baƙon ciwo ba ne a wurinmu. A 2009, lokacin da Najeriya ta karɓi gasar ƙwallon duniya ta 'yan ƙasa da 17, har aka buga wasanni a Kaduna, FIFA ta kawo gwajin hoton ƙashin wuyan hannu saboda wannan matsalar. Wancan gwajin yana aiki ne a kan ƙashin da bai gama haɗewa ba, ba zai raba ɗan 22 da ɗan 26 ba. Abin da ya rage mana shi ne takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da shaidar gama firamare, da mutanen unguwa da za su yarda su buɗe baki kafin tsere, ba bayansa ba.

Ba mu karɓe keken ba. Ba mu da hujjar da ta wuce maganar baki, kuma mu muka amince da takardarsa. Baba dai bai kai sunansa ba, ya kira shi gefe ya gaya masa dalili.

Game da tambayar da muka fara da ita, ga inda na tsaya. A Turai, inda ɗan 20 mai kwantiragi yake da tsere fiye da yadda ƙafarsa za ta ɗauka, na fahimci dalilin hana shi, ko da yake har yanzu ina jin zafin cewa dokar za ta toshe wa wani Girmay hanya. A Zariya kuwa, inda ɗan albashinmu ɗaya ne kuma sau ɗaya muke ganinsa a shekara, hana shi zalunci ne gare shi kuma asara ce ga yaran. A bar shi ya hau da lambarsa, a rubuta nasararsa, a ajiye kyauta da gurbi ga wanda ba shi da wata ƙofa. Abin da ya kamata mu ƙara, wanda ba mu yi ba, shi ne mu zaunar da yaran kafin a tashi mu gaya wa kowa iya inda zai bi shi da inda zai sake shi.

Yaron ya koma wurin ƙungiyarsa a Janairu. Kafin ya tafi ya bar wa ɗalibin Samaru tsofaffin tayoyinsa biyu da sirdi. Tayoyin ba su shiga keken ƙarfen ba, suna rataye a shagon mai gyaran keke har yanzu, sirdin ne kawai aka ɗaura. Asabar da ta wuce, bayan Shika, iska ta taso daga dama, na ga ɗalibin ya koma bakin hanya yana miƙa hannun hagu ƙasa yana kiran na bayansa su matso.